Kwamfuta Ta Gane Almakashin Likita: Ta Isa a Ba Ta Amana a Ɗakin Tiyata?

A tiyatar da ake yi da mutum-mutumi, likita ba ya tsayawa a kan majiyyaci. Yana zaune ne a gefe guda na ɗakin, ya cusa goshinsa cikin wata na'ura mai tagogi biyu, yatsunsa na riƙe da maɗaukai, ƙafafunsa na kan fedoji, sau da yawa ma ya tuɓe takalmi don ya ji abin da yake takawa. Can a kan gado an hura cikin majiyyaci da iskar gas har ya tashi, an yi masa 'yan ƙananan huji, an zura kyamara ta ɗaya, kayan aiki ta sauran, hannuwan ƙarfe na riƙe da su. Likita ya motsa yatsa a nan, almakashi ya motsa a can. Bai taɓa hanta da tafin hannunsa ba, bai ji taurin ƙari ba. Kusan duk abin da ya sani game da cikin mutumin, hoto ne ya gaya masa.

A shekarar 2000 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar da Vinci ta kamfanin Intuitive Surgical, wadda har yau ita ce ta fi yawa a asibitocin da ke wannan aiki. A watan Satumba na 2001 kuma likitan Faransa Jacques Marescaux, yana zaune a New York, ya cire matsarmamar wata mata da ke kwance a Strasbourg ta hanyar wata na'ura mai suna Zeus. Daga nan ta tabbata cewa ana iya yin tiyata ta ido da waya kawai. Tun da aikin ya koma hoto, masana kwamfuta suka ga ƙofa ta buɗe musu, suka ce abin da idon likita ke gani a allo ai na'ura ma za ta iya koyon ganinsa. Abin da suka fara da shi kuwa shi ne mafi sauƙin rarrabewa a cikin jan nama, wato ƙarfen da likita ke aiki da shi.

Hanyar da ake bi ita ce wadda ake kira koyo mai zurfi, reshe ne na ƙirƙirarriyar basira. Ba a rubuta wa kwamfuta cewa almakashi yana da baki biyu ko hantsaki yana da haƙora. Ana nuna mata dubban hotuna ne tare da amsa, ta yi hasashe, a auna kuskurenta, ta gyara lissafinta, a sake, har ta kama. Wannan hanya ta yi suna a 2012, lokacin da Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da Geoffrey Hinton na jami'ar Toronto suka lashe gasar gane hotuna ta ImageNet da tazara mai yawa. A 2015 Olaf Ronneberger da abokan aikinsa a Freiburg ta Jamus suka fitar da tsarin U-Net, wanda ke duba hoton asibiti ɗigo-ɗigo ya ce wannan ɗigo na kaza ne, wancan na kaza.

Amma amsar da ake nuna wa kwamfutar mutum ne ke zana ta. Wani zai zauna gaban allo ya buɗe hoto guda, ya bi gefen ƙarfen da linzamin kwamfuta, ya zagaye sandar, ya zagaye gaɓar da ke lanƙwasawa, ya zagaye bakin. Inda nama ya rufe rabin bakin sai ya tsaya ya yanke shawara, inda hasken kyamara ya haske ƙarfen ya yi fari fat sai ya ƙanƙance ido ya nemi iyakarsa. Ya gama, ya buɗe na gaba. Bidiyon tiyata guda yana ɗauke da dubban ɗaruruwan hotuna, don haka zanannun hotuna suke da tsada da ƙaranci. Duk muhawarar da za ta biyo baya tana da jijiya a wannan ƙarancin.

A 2017, a taron masana hoton asibiti da kwamfuta na MICCAI da aka yi a Quebec ta Kanada, an shirya gasa kan wannan aiki. An ba masu takara bidiyo takwas na koyarwa, kowanne da hotuna 225, jimla 1,800, waɗanda aka ɗauka da na'urar da Vinci Xi lokacin tiyata a jikin aladu. Tambayoyi uku aka yi wa kwamfuta. Ina ƙarfe, ina nama? Wane sashe ne na kayan aikin: sanda, gaɓa ko baki? Wane irin kayan aiki ne: almakashi, mariƙin allura, hantsakin ƙona jijiya ko wani? Ɗaya daga cikin tawagogin da suka yi fice, ta Alexey Shvets da Vladimir Iglovikov da abokansu, ta wallafa sakamakonta a 2018. Idan aka ɗora zanen kwamfuta a kan na mutum aka auna yadda suka dace, a tambaya ta farko an haura kashi 80 cikin 100, a ta biyu an samu wajen kashi biyu cikin uku, a ta uku kuwa abin ya faɗo zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sandunan kayan duk kamanninsu ɗaya, bambancin yana ɗan bakin nan da ke nutsewa cikin nama. An samu ci gaba sosai tun daga lokacin, sai dai har yanzu a kan waɗannan hotunan na aladu ake auna da yawa daga sababbin tsare-tsaren.

Masu shakka suna da wata tambaya ta farko mai kyau: me ya sa za a wahalar da kwamfuta ta gane almakashi a hoto, alhali na'urar ta riga ta san abin da aka ɗaura mata? Kowane kayan aikin da Vinci yana da ɗan guntun lantarki da ke gaya wa na'urar sunansa da yawan amfanin da aka yi da shi, domin akasarinsu an ƙayyade musu sau nawa za su yi aiki kafin na'urar ta ƙi karɓarsu. Na'urar kuma tana lissafa inda hannunta yake daga motsin gaɓoɓinta. Amsar masu goyon baya ta gamsar da ni. Bakin kayan aikin siraran wayoyi ne ke jan sa, wayoyin suna miƙewa, sandar tana ɗan tanƙwarewa idan ta danna nama, don haka inda lissafi ya ce bakin yake da inda yake a zahiri sukan saɓa, kuma a wurin da jijiya ke kwance kusa da jijiya, ɗan saɓani ba ƙarami ba ne. Ban da haka, ba duk abin da ke cikin majiyyaci na'urar ke riƙe da shi ba. Mataimakin likita da ke tsaye bakin gado yana zura bututun zuƙe jini da hannunsa, yana miƙa allura da zare, yana saka maƙalan ɗaure jijiya. Duk waɗannan na'urar ba ta san da su ba sai ta gani.

Akwai inda amfanin ya riga ya fito fili. A tiyatar cire ƙari daga ƙoda, likitoci kan ɗauki hoton ƙodar kafin aiki, kwamfuta ta gina siffarta da jijiyoyinta, sannan a ɗora wannan siffa a kan bidiyon tiyata don likita ya ga abin da ke ƙarƙashin kitse. Matsalar ita ce siffar tana rufe kayan aikin, likita ya koma yana motsa almakashin da ba ya gani. Masu bincike a cibiyar Orsi Academy ta Beljiyam sun horar da kwamfuta ta riƙa yanko kayan aikin daga hoto nan take ta ɗora su a saman siffar, kuma sun gwada hakan a tiyatar mutane. Wannan aiki ne ƙarami mai iyaka, likita yana ganin kuskurensa da idonsa idan ya auku. Ban ga abin ƙi a cikinsa ba.

Sai hujjar tsaro. Wani nazari da Homa Alemzadeh da abokan aikinta suka wallafa a 2016 ya bi rahotanni sama da 10,000 da aka kai wa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kan matsalolin tiyatar mutum-mutumi daga 2000 zuwa 2013, a tsawon lokacin da aka yi irin wannan tiyata fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. Kusan kashi 15 cikin 100 na rahotannin sun shafi guntun kayan aiki da ya ƙone ko ya karye ya faɗa cikin majiyyaci, wajen kashi 10 kuma tartsatsin lantarki ne daga kayan. Masu goyon baya na cewa ido da ba ya gajiya, wanda ya san siffar bakin almakashi kafin da bayan, zai iya lura da ɓallewar da likita bai gani ba bayan awa huɗu a zaune. Zai kuma iya hana kunna wutar ƙona jijiya idan kayan ya fita daga inda kyamara ke kallo. Tunani ne mai ma'ana, sai dai har yanzu buri ya fi yawa a cikinsa.

Hujjar masu goyon baya mafi nauyi a wurina ba ta cikin ɗakin tiyata. Tana bayan an gama, an ɗinke, an kashe fitila. A 2013 John Birkmeyer da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike daga jihar Michigan ta Amurka. Likitoci 20 masu tiyatar rage tumbi ga masu matsananciyar ƙiba kowanne ya ba da bidiyon aikinsa guda, aka cire sunaye, aka ba takwarorinsu su ba da maki a kan iya hannu. Da aka duba majiyyatan waɗannan likitoci, sai aka ga na rukunin da ya fi ƙarancin maki sun samu matsala bayan tiyata da kashi 14.5 cikin 100, na rukunin da ya fi maki kuwa kashi 5.2. Ma'ana, abin da ake gani a bidiyo yana da alaƙa da wanda zai koma gida lafiya da wanda za a sake buɗewa. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan uwa ya san ana raɗa a tsakanin ma'aikatan jinya cewa wane yana da hannu, wane kuwa a yi addu'a. Binciken ya mai da raɗar abin aunawa.

To amma wa ke da lokacin zama ya kalli bidiyon awa uku na kowane likita mai neman ƙwarewa? Manyan likitoci ba su da shi. A nan gane kayan aiki ke shigowa. Idan kwamfuta ta san wane kaya ne a hoto kuma ina bakinsa yake a kowane daƙiƙa, za ta iya faɗin tsawon tafiyar da bakin ya yi, sau nawa ya fita daga idon kyamara, sau nawa aka ɗauki allura aka ajiye kafin a soka, tsawon lokacin da hannun hagu ya yi a banza. Za ta iya raba bidiyo mataki-mataki, domin fitowar maƙalin jijiya da almakashi a tiyatar matsarmama alama ce ta an kai wurin yankewa. Masu bincike a Strasbourg sun tara bidiyo 80 na irin wannan tiyata, wanda ake kira Cholec80, daidai don wannan manufa. Malami sai ya tsallake zuwa minti biyar ɗin da ke da haɗari ya zauna da ɗalibinsa a kai. Idan kwamfutar ta yi kuskure a nan, ba jinin kowa ke zuba ba, malami zai mayar da bidiyo baya ya gyara.

Masu adawa kuwa, hujjarsu ta farko ita ce ba a gwada abin a inda ake buƙatarsa ba, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Alade lafiyayye da aka kwantar don gwaji ba shi da kitsen da ya lulluɓe hanjin dattijo mai ciwon suga, ba shi da tabon tsohuwar tiyata da ya manne gaɓoɓi wuri guda, ba shi da ƙarin da ya sauya fasalin komai. A cikin mutum, idan aka ƙona jijiya hayaƙi yana turnuƙe hoton. Tururi yana rufe gilashin kyamara, ɗigon jini ya fantsamo ya zauna a kansa, sai mataimaki ya zaro kyamarar ya goge ya mayar. Ƙarfe yana shafuwa da jini har launinsa ya saje da nama. Kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ba da makin. Ana haɗa dukkan hotuna ne a fitar da matsakaici, mafi yawan hotunan kuwa na lokacin kwanciyar hankali ne, fili tas, haske daidai. Daƙiƙa talatin ɗin da jijiya ta fashe, fili ya cika da jini, kowa a ɗakin ya miƙe, su ne mafi ƙaranci a cikin hotunan koyarwa, su ne kuma inda kwamfutar ta fi rauni. Tsarin da ya ci kashi 95 zai iya kasancewa ya faɗi ne daidai a waɗannan daƙiƙu, makin kuma ba zai nuna ba. Kamar direba ne da ya ci jarrabawar tuƙi a fili da rana tsaka, aka miƙa masa motar fasinja ya bi hanyar Kaduna cikin dare ana tsuga ruwa.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta irin wannan kwamfuta da likitoci suka riga suka gani a wani fanni: tana son gajeriyar hanya. A 2018 John Zech da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa tsarin da aka horar ya gano ciwon huhu a hoton ƙirji yana iya gane asibitin da aka ɗauki hoton, har da lura da ɗan ƙarfen alama da ma'aikata ke sawa a kusurwa. Da yake wani asibitin ya fi wani yawan masu ciwon, sanin asibitin kaɗai ya taimaka masa ya ci maki. Da aka kai shi sabon asibiti sai ƙoƙarinsa ya ragu. Babu abin da zai hana tsarin gane kayan tiyata yin haka. Zai iya koyon cewa abin da ke shigowa ta dama yawanci almakashi ne, saboda haka likitocin da ya koya a wurinsu ke aiki. Ranar da ya haɗu da bahago, ko kyamarar wani kamfani mai launi daban, zai ba da amsar da ba daidai ba ba tare da wata alamar shakka ba.

Hujja ta uku ta shafi likitan kansa. Mutum idan ya saba da mai tuna masa, yakan sassauta. A fannin leƙa babban hanji da kyamara an riga an shiga wannan zamani, domin tun 2021 Amurka ta amince da na'urar GI Genius mai zagaye tsiron da take zargi a allo. A 2025 wani bincike daga cibiyoyi huɗu a Poland ya duba yadda likitoci ke gano tsiro idan suna aiki su kaɗai, kafin a kawo musu irin wannan na'ura da bayan sun saba da ita. Adadin ya sauko daga kashi 28.4 zuwa 22.4 cikin 100. Bincike ne na lura, bai isa ya tabbatar da sanadi shi kaɗai ba, amma ya kamata ya hana mu barci. Waɗannan ƙwararru ne da suka daɗe suna aikin. Ina ga ɗalibin da zai fara koyo da layin kwamfuta yana zagaye masa bakin almakashi tun ranar farko? Wani ɓangaren damuwar kuma kishiyar wannan ne. Ɗakin tiyata ya riga ya cika da ƙararrawa, ta bugun zuciya, ta numfashi, ta ruwan jijiya. Ƙararrawar da ke yawan ƙarya kashe ta ake yi, ko kunne ya daina jin ta.

Wasu masu tallar fasahar sukan ce za ta kawo ƙarshen mantuwar kayan aiki a cikin majiyyaci. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Abin da aka fi mantawa a ciki audugar tsane jini ce, wadda idan ta jiƙe takan koma kamar nama ta lafe a bayan hanji, inda kyamara ba ta kallo. Maganinta tsoho ne: ma'aikaciyar jinya ta ƙirga da baki kafin a fara da kafin a rufe, a kuma yi amfani da auduga mai zaren da hoton asibiti ke nunawa. Wannan ƙirge yana cikin takardar bin ƙa'idar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. Da aka gwada takardar a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-macen bayan tiyata ya sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Takarda ce da biro. Masu adawa suna da gaskiya idan suka ce har yau ba a kawo wa gane kayan aiki da kwamfuta shaida mai kama da wannan ba. A 2015 kwamitin mujallar Lancet kan tiyata a duniya ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 ba sa samun tiyata mai aminci da za su iya biya. Na'urar da ake sayarwa a kan miliyoyin daloli ba ta cikin lissafin matar da naƙuda ta tsaya mata a ƙauyen da babu jini a asibiti. Ba na ɗaukar wannan a matsayin dalilin dakatar da bincike, kuɗin ba daga aljihu ɗaya suke fita ba. Amma dalili ne na kada gwamnatin da asibitocinta ba su da wuta ta ruɗu da ƙyalƙyali.

Ƙarshen hanyar da masu binciken ke bi ba a ɓoye yake ba: na'urar da za ta yi wani sashe na tiyata da kanta, wadda dole ta ga inda hannunta yake kafin ta motsa shi. A farkon 2022 tawagar Axel Krieger ta jami'ar Johns Hopkins ta ba da rahoton wata na'ura mai suna STAR da ta ɗinke hanji biyu wuri guda a cikin aladu huɗu masu rai, ta ƙananan huji, da ɗan taimakon mutum. Aiki ne da ya cancanci yabo. Amma idan aka zo kan mutum, wa zai ɗauki alhaki? Idan na'ura ta ce bakin almakashi yana nesa da jijiya, likita ya yarda ya yanka, aka yi ɓarna, kamfani zai ce shawara kawai ya bayar. Idan kuma na'ura ta yi gargaɗi likita ya ƙi ji saboda ya ga kuskure take yi, sannan wani abu daban ya faru, lauya zai ɗaga wannan gargaɗin a kotu. Ta ko'ina likita ne a tsakiya, alhali ba shi da hanyar buɗe cikin tsarin ya ga dalilin amsarsa.

Ni dai inda na tsaya, raba abin nake yi gida biyu. Amfani da shi bayan tiyata, wajen tace bidiyo, koyar da masu neman ƙwarewa da binciken abin da ya faru idan an samu matsala, ina goyon bayansa yau ba sai gobe ba, domin kuskurensa ana iya gyara shi kuma amfaninsa yana da shaida. Amfani da shi a lokacin da wuƙa ke cikin mutum kuwa, ban yarda makin gasa ya zama lasisi ba. A nuna sakamakonsa a bidiyon mutane, daga asibitocin da bai taɓa gani ba, a ware makin lokacin jini da hayaƙi a nuna shi daban. A gina shi ya iya cewa ban gani ba, maimakon ya zana layi a inda yake zato. Sannan a yi gwajin da ake yi wa kowane sabon magani, a raba majiyyata rukuni biyu a ga ko rauni da sake tiyata da mutuwa sun ragu. Gane almakashi a hoto bai nuna an san ko wurin da za a yanka shi ne daidai ba, wannan sanin kuwa shi ne tiyatar.

Ko goyon bayan da na bayar yana da sharaɗi, domin bidiyon na wani ne. Cikin mutum ba shi da suna a rubuce, amma duk lokacin da aka zaro kyamara don gogewa tana ɗaukar abin da ke waje: fatar majiyyaci, wani lokaci tsiraicinsa, fuskokin ma'aikata, allon da ke ɗauke da suna. Masu bincike a Strasbourg har sun horar da wani tsari na musamman da ke gano waɗannan wurare don a shafe su. Likitoci ma suna da fargabarsu, kuma ba ta banza ba ce. Idan asibiti ko kamfanin inshora ya fara auna su da tsawon tafiyar almakashi da saurin gamawa, mai hankali zai guji majiyyaci mai wahala don kada makinsa ya faɗi, wanda ya fi buƙatar gwani shi zai rasa shi.

Wannan batu ya shafe mu ta hanya biyu. Ta farko, mutanenmu da dama suna zuwa Indiya da Masar da Dubai neman tiyata, wasu a manyan asibitocin da ke da irin wannan na'ura, kuma sukan sa hannu a takardu cikin ruɗanin jinya ba tare da an karanta musu ba. Haƙƙin majiyyaci ne ko ɗan rakiyarsa ya tambaya ko za a ajiye bidiyon, wa zai gani, ko za a ba wani kamfani. Ta biyun ita ce asibitocin koyarwa na Najeriya suna yin tiyatar huji da kyamara ko da babu mutum-mutumi, kuma dabarar gane kayan aiki tana aiki a kan wannan bidiyo ma. Tsarin da ya koya daga Strasbourg da aladun gwaji bai ga matsarmamar mai ciwon sikila ba sosai, bai ga cikin da aka kawo a makare bayan kwanaki ana jiƙe-jiƙe ba, bai saba da kyamarar da ta tsufa ba. Idan ana so ya yi wa likitocinmu masu tasowa amfani, da bidiyon majiyyatanmu za a koyar da shi, kuma masu neman wannan bidiyo za su zo. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. Kafin a miƙa ko bidiyo guda, ya kamata kwamitin ɗa'a na kowane asibiti ya rubuta wanda ya mallake shi, ya tanadi takardar neman izini da Hausa da sauran harsunan majiyyata, ya kuma sa a yarjejeniya cewa tsarin da aka horar da shi zai dawo asibitin ba tare da an sake sayar masa da shi ba.